Ranar Alhamis Inna Tana Kallona

Shirin da na gabatar a talabijin bai yi dogon kwana ba. An fara shi da saukar damina, kafin a kai gero rumbu an rufe shi. Kowace Alhamis bayan la'asar nakan zauna da baƙi mu tattauna abin da ya dami jama'a, tsadar taki ne, hanyar da ruwa ya cinye ce, ko alkawuran 'yan siyasa. Ni a raina Kano gaba ɗaya ni take saurare. Ashe masu kallon ba su taka kara sun karya ba. Mai ɗaukar nauyin shirin ya janye, aka sallame ni da godiya.

Ni ɗan fari ne. Tun tasowata a Unguwar Gai, Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa haɗa ido da ni ba. In na gaishe ta, bango take amsa wa. Haka na ga ana yi a kowane gida, amma na daɗe ina son ta dube ni ko sau ɗaya.

Kunya ta hana ni sanar da gida an rufe shirin. Sai bayan makonni na je, ƙanwata ta tare ni tun daga zaure.

"Yaya, ka kyauta ke nan? Duk Alhamis sai Inna ta yafa mayafi ta tafi gidan Hajiya mai talabijin. Kana yin sallama take amsawa da ƙarfi, har mata na dariya. Ta zuba maka ido ba ko ƙiftawa. Rannan cewa ta yi ka rame, wai hular ma ta yi maka yawa. Yanzu Alhamis uku tana zuwa, ba ta ganin komai sai tallar sabulu."

Na samu Inna tana tsince wake. Na durƙusa na faɗa mata gaskiya. Ba ta ɗago ba, ta ce Allah ya zaɓa mafi alheri. Can sai ta juya wajen ƙanwata.

"Ke, tambayi wannan, tsofaffin da aka yi, zubar da su suke yi?"

Na tura tsofaffin shirye-shiryen duka a wayar ƙanwata, su biyun suka shige ɗaki. Ina zaune a tsakar gida na ji muryata ta yi sallama, na ji Inna ta amsa. Na so shiga ƙwarai, amma na san ina ɗaga labule za ta kau da kai. Sai na zauna a inda nake, na bar ta ta kalle ni.