Hudar da na yi wa tulun waken Kaka

Ba zan iya rantsewa da shekarar ba. Abin da na tabbata shi ne Nasara, wato Turawan mulki, suna nan, ba a gina gadar kogi ba tukuna, motocin da za su ƙetara zuwa Dahome sai su yi layi a bakin ruwa suna jiran jirgi. Ni kuma ina aji biyu ko uku na lakwal, wato makarantar boko, a Gaya. Na fi zaton uku ne, amma yayata Rabi ta ce biyu, kuma ta fi ni riƙe abu.

Babanmu safarar albasa yake yi, bai cika zama ba. Ɗakin ajiyar gidan yana hannun mahaifiyarsa, wadda muke kira Kaka, ƴar masunta ce daga Tunuga. Ba ta taɓa zaunar da mu ta ce yau za ta koya mana adana abinci ba. Gani kawai muke yi. Kuɓewa sai ta yanka da busasshiyar wuƙa, ta baza a tabarma bisa rumfa inda kaji ba sa kaiwa. Tumatir ta tsaga biyu, ta barbaɗa ɗan gishiri, ta juya cikinsa ga rana har ya zama kauɗa. Albasa ta rataye inda iska ke bi, wadda ta fara laushi kuma ranar za ta shiga miya don kada ta ja sauran. Alayyahu da yakuwa ta naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma ta jingina da randa, su kwana biyu ba su yi yaushi ba. Dokarta ɗaya ce da kowa ya sani, har baƙi: jiƙaƙƙen hannu ba ya shiga tukunyar ajiya.

Tatsuniya kuwa a gindin wutar banda muke sha. Bayan magariba, in an gama cin tuwo, sai ta jera kifi a kan raga, ta sa wuta marar harshe, hayaƙi kawai. Hayaƙin yana korar sauro, shi ya sa muke matsowa. Tana juya kifi tana magana. Ni takan kira ni Maigida, irin wasan kaka da jika. Rabi kuwa Malam Wataƙila take ce mini, domin tun ina yaro ba na iya faɗin magana ban sa mata wataƙila ba. Har yau ban warke ba.

A kusurwar ɗakin ajiya akwai wani tulu da ya fi sauran daraja. Cikinsa wani ƙaramin jan wake ne mai ɗigon fari, wanda Kaka ta gada daga uwarta. Yana nuna da wuri, yana dahuwa da itace kaɗan, kuma ta ce ba ta ga irinsa a kasuwar Gaya ba. A daminar da ta wuce kogi ya cika ya ci gonarta ta Tunuga, abin da aka tsinto bai wuce cikin tulun nan ba. Shi ne irin baɗi. In ya lalace, waken ya ƙare ke nan.

Ina wurin ranar da ta rufe shi. Ta shanya waken kwana da kwanaki, kullum sai ta ciji ƙwaya ɗaya, har ranar da ta ji ya ce ƙas a haƙori. Ta bar shi ya huce a inuwa. Ta tankaɗe toka mai sanyi, mudun wake mudun toka, ta cakuɗa da busasshen barkono, ta zuba, ta ƙara toka mai kauri a sama. Sannan ta kifa kasko a baki, ta shafe da laka, ta ɗora tulun a kan duwatsu uku don kada sanyin ƙasa ya taɓa shi.

“Sai ruwan shuka,” in ji ta. Ta kakkaɓe hannu ta fita.

Ba a yi wata ba mushe, wato malaminmu na lakwal, ya zo aji da ƙwayar wake a cikin jiƙaƙƙiyar auduga. Kwana uku ta tsiro. Ya ce mana iri abu ne mai rai, kuma duk mai rai yana numfashi. Ya sa muka maimaita da Faransanci har sau biyar. Sauran yara suka fita wasa, ni kuwa hankalina ya koma kusurwar ɗakin nan. An toshe waken Kaka da laka, an danne shi da toka. Ta ina zai yi numfashi? Na yi tunanin in tambaye ta, sai na ji tsoron ta ce ɗan lakwal ya fara raina tsofaffi. Na yi tunanin in tambayi mushe, sai na ji tsoron ya yi wa Kaka dariya. Saboda haka na yi abin da na ga kamar ba zai ɓata wa kowa rai ba. Wata rana da azahar, gida ya yi shiru, na ɗauki ƙusa na huda lakar ta bayan tulu, inda ido ba ya kaiwa. Na ga hudar ta yi ƙanƙanta, na faɗaɗa ta. Na sa kara na yi ta yaye tokar sama ina fitarwa, har na ji karan ya taɓa wake. Na koma da zuciya fes, ina ganin na ceci rai.

Bayan kamar mako uku, wata magariba muna gindin wuta, Kaka ta gyara zama ta ce, “Ga ta nan ta fito daga bakin kogi, ƙafarta duk laka.”

Muka ce, “Ta wanke ta shigo.”

Ta ce wai an yi wata bushiya mai tsananin kula. Ba ragguwa ba ce, ba mai kwaɗayi ba ce, kula ce kawai ta yi mata yawa. Ta noma wake, ta shanya, ta zuba a tulu da toka, ta shafe baki. Ashe akwai wani ɗan ƙwaro da ya ɓuya a cikin ƙwaya ɗaya. Da aka rufe, toka ta hana shi motsi, iska ta ƙare masa, ya ga mutuwa. Sai ya lallaɓa ya matso jikin tulu, ya maƙale murya kamar ta wake, ya fara waƙa. Kaka ta maƙale tata muryar ta rera:

“Bushiya, bushiya, uwar kirki,
Ni ne wakenki, zafi nake ji,
Buɗe kaɗan, kaɗan kawai.”

Bushiya ta ji, ta kasa cin abinci. Ta ce kai, ɗan kaɗan ba zai yi komai ba. Ta huda. Ƙwaro ya shaƙi iska ya miƙe, ya leƙo ta hudar ya kira matarsa, matar ta kira ƙannenta, ƙannen suka zo da surukai. Kullum bushiya ta zo ta kasa kunne, sai ta ji ƙus ƙus ƙus a ciki, ta yi murna ta ce, “Ji wakena yana numfashi.” Ranar da ruwa ya sauka ta fasa tulu, sai gari da ɓawo, ga ƙwari ƙato-ƙato suna yi mata sannu da aiki.

Rabi ta fashe da dariya. “Amma bushiyar nan wawuya ce!”

“A'a,” in ji Kaka, tana juya kifi ba ta dube ni ba. “Tausayi ne da ita, sai dai ba ta tambayi kowa ba. Ko ba haka ba, Maigida? Ka yi shiru. Hayaƙi ne ya shiga maka ido?”

Na ce, “Wataƙila.”

“To, tatsuniya ta koma kogi, ragowar kuwa kifi ya haɗiye.”

Ban iya jira ba. Na faɗa mata komai, ƙusa da kara da darasin mushe, ina yi ina shessheƙa. Rabi ta riƙe baki. “La ila! Malam Wataƙila, ashe kai ne bushiyar! Kaka, a duba bayansa ko ƙaya ta fito.”

“Rufa mana baki, ke da kika taɓa tsoma hannu da ruwa a garin kuka.” Sannan ta juyo gare ni. “Da safen nan na ga tururuwa suna bin bayan tulu, na bi su. Na ce wannan aikin mai hankali ne, ɓarawo ba ya huda da tsabta haka. Mushen naka bai yi ƙarya ba, wake yana da rai. Amma barci yake yi, ɗan numfashin da ke ciki ya ishe shi. Ƙwaro ne ba ya isarsa. Ka ga kifin nan? Shi yana son a riƙa duba shi, kwana uku huɗu a mayar da shi kan hayaƙi. Wake kuwa, duk dubawar da za ka yi masa ka yi ta kafin ka rufe.”

Na ce, “Ya mutu ke nan?”

“Gobe rana za ta faɗa mana. Ci kifinka.”

Da hantsi muka fasa lakar. Na sama duk ya huje, ƙwari suna ta gudu a kan tabarma. Na ga yadda Kaka ta ɗebo tafi guda ta daɗe tana kallo. Muka ci gaba da juyewa. Da muka kai inda toka ba ta motsa ba, sai ga wake lafiya lau, ja da ɗigonsa. Mu uku muka zauna tsinta ƙwaya ƙwaya, mai huda gefe, mai lafiya gefe. Abin da ya tsira ya fi rabi, ko da yake ba zan ce da yawa ba. Muka sake shanyawa kwana biyu, aka tankaɗe sabuwar toka. Da aka zo rufewa sai ta turo mini kaskon laka.

“Kai za ka shafe. Ka duba iya son ranka yanzu.”

Na duba, na sake dubawa, na shafe, na bi da yatsa sau uku. Daga ranar, duk lokacin da ta gan ni na nufi kusurwar nan sai ta ce, “Maigida, hannu a baya.” Haka na yi ta wucewa, wata huɗu ko biyar, hannu a baya. Da ruwa ya sauka aka kai irin Tunuga. Bayan kwana shida wani mai kwalekwale ya kawo saƙo cewa ya tsiro.

Na yi karatu daga baya, har jami'a, kuma fannin noma na karanta. A can na ga an rubuta da dogayen kalmomi abin da Kaka ta faɗa tana juya kifi. Ba zan ce hudata ce kaɗai ta jawo ɓarnar ba, mai yiwuwa akwai ƙwan ƙwaro tun daga gona, amma na san ni na ba su iska. Abin da na daɗe ban gane ba shi ne dalilin da ya sa ta ba ni lakar. Da ta hana ni kusantar tulu, da na girma ina ganin damuwata aibi ce kawai. Sai ta nuna mini lokacin da damuwar ke da amfani, da lokacin da ya kamata a ajiye ta. Ban ce na iya ba. Na ɓata ayyuka da yawa a rayuwa da yawan komawa in leƙa.

Waken yana nan. Ina shuka shi a ɗan fili bayan gida, kuma bana ma na rufe tulu ɗaya da toka da barkono. Jikata ta tambaye ni jiya me ya sa kullum in na zo wucewa ta kusurwar nan nake haɗa hannuwa a baya. Na ce mata ta bari a gama cin tuwo, akwai labarin wata bushiya.