Shuku da Hular Kwano

Ranar da akuya ta gitta wa 'yata a bakin Ƙofar Kwaya, ina tsakar gida ina tankaɗen gari. Sai ga maƙwabciyata ta faɗo ba ko sallama, riƙe da hannun yarinyar, farin hijabinta na makaranta ya rine da jini. Wajen kauce wa akuyar ne tayar gaban kekenta ta zurma kwata, goshinta ya daki gefen siminti. Ita kuwa akuyar, in ji waɗanda suka gani, ko waiwaye ba ta yi ba.

Maigidana ma'aikacin jinya ne, kuma a ɓangaren da ake kai waɗanda suka yi haɗari yake aiki. Shi ya riƙe kanta aka yi ɗinkin. Da suka dawo gida bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Sarƙa ya samo da kwaɗo, ya ɗaure keken a jikin ƙarfen tagar zaure, ya jefa makullin aljihu. Ya ce ƙaninsa na ƙauye zai shigo gari Juma'a ta sama, sai ya tafi da shi yaransa su riƙa zuwa gona.

Yayana ne ya saya mata keken nan da ta yi saukar Alƙur'ani. Yarinya ce shiru-shiru, in baƙi suka zo sai a neme ta a rasa, tana bayan labule. Amma in ta hau keke za ka rantse wata aka canjo. Makarantarsu can wajen GRA take, kuma tun da ta fara zuwa da kanta ta koyi dawowa da labari a bakinta. Da aka ɗaure keken sai labarin ya ɗauke. Kullum bayan la'asar ta ɗauki tsumma ta shiga zaure ta goge shi tas, har sarƙar da aka ɗaure shi da ita. Wannan gugar ce ta hana ni sukuni.

Ita ce 'yar fari, kuma yadda aka tarbiyyantar da ni, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, balle ta tsaya masa. Duk da haka na jira maigidan ya ci tuwo ya wanke hannu, na gyara zama.

"Malam, keken ga hwa ba shi ya hwasa mata goshi ba. Siminti ne."

"To, simintin kike so in ɗaure?"

Na haɗiye wannan, na ci gaba da lallashi. Ya ce ni ban ga abin da yake gani ba kullum. Hannu in ya karye a ɗora, ƙafa ma haka, amma kai ba shi da ɗori. Na ce to a rufe kan mana. Ya dube ni ya yi ɗan murmushin nan nasa na wanda ya tabbata ya ci gardama. Ya ce in na samo hular kwano marar nauyi, wadda za ta rufe goshin, wadda zai kama ya girgiza ba ta motsa ba, zai kwance keken. In ban samo ba kafin ƙaninsa ya zo, kada in sake tayar masa da zancen. Ya san babu inda na taɓa ganin irin wannan hula a kan yaro a unguwarmu.

Da gari ya waye na fara da abin da ke kusa. Akwai ɗan acaɓa a layinmu, na tuna na taɓa ganinsa da hular kwano. Matarsa ta shiga madafa ta juye albasar da ke ciki ta miƙo mini. Na kifa wa yarinyar, wuyanta ya lanƙwashe, idanunta suka ɓace a ciki, ƙannenta suka zube ƙasa suna dariya. Ban ma bari uban ya gani ba, na mayar da godiya.

A makon nan ne kuma ake shirin bikin ƙanwata, za a ɗaura aure ranar Asabar, washegarin zuwan ƙanin maigidan. 'Yan matan dangi duk sun haɗa baki a kan kitso iri ɗaya, shuku, wanda ake jan gashi ta ko'ina a tara shi ya yi tozo a tsakiyar kai. Mai kitsonmu, wata dattijuwa ta wajen Gobarau da ke yi mini tun ina amarya, ta wuni a kan yarinyar, tana lallaɓa wajen ɗinkin. Da aka gama kan ya yi kyau har na ji kunyar kallo. Ranar ce kaɗai a makon na ga ta tsaya gaban madubi.

Ranar Laraba muka shiga kasuwa wajen masu kekuna. Aka yi ta nuna mana gaba har muka dace da wani Alhaji da ke da su rataye a igiya. Bayan mun gaisa, lahiya lau, ya kasuwa, ya iyali, ya sauko da ɗaya. Da na karɓa sai na ɗauka wasa yake mini, don ba ta fi faifai nauyi ba. Cikinta irin farin abin nan ne da ake tallafe sabon firji da shi a kwali, samanta duk ƙofofin shan iska, a ƙeya kuma akwai ɗan abin murɗawa da ke tsuke ta ko ya sassauta. Ya ce ta masu keke ke nan, ta masu mashin daban.

Ya ɗora mata ta yara a kan hijabi, ta tsaya can sama. Ya ɗora ta gaba da ita, ta ƙi sauka. Ya ja baya ya ƙare mata kallo.

"Hajiya, kan ɗiyar ga taki dogo ne."

Raina ya ɓaci. Na ce mu dai a gidanmu babu mai dogon kai, sai dai ko can wajen dangin ubanta. Ya ce Allah ya ba ni haƙuri, shi abin da ya gani ya faɗa. A ƙarshe ya ba mu babbar cikinsu, ta manyan maza, muka tsuke igiyar haɓa iya tsukewa, na ga ai ta zauna. Na dawo gida ina taku ɗai-ɗai.

Maigidan bai ɓata lokaci ba. Ya sa yatsa ya tura hular ta gaba, ta zame ta koma ƙeya. Ya tura ta gefe, ta karkace ta rufe kunne. Sannan ya nuna mini tabon ɗinkin, ga shi nan a fili, hular ko kusa da shi ba ta zo ba.

"Inda ya hwashe ma yana waje," ya ce. Ya ɗauki butarsa ya nufi masallaci.

Na zauna a bakin rijiya na rasa abin da ke mini daɗi. Har na fara yarda cewa kan yarinyar ne Allah ya yi shi haka. Ita kuma ta ajiye hular, ta cire hijabi ta tsuguna za ta yi alwalar magariba. Tana kai hannu shafar kai sai na ga hannun ya hau tudu ya gangara. Shukun ne. Alhajin kasuwa namiji ne, hijabi kawai ya gani, bai san abin da ke ƙasa ba. Ni kuwa da na zauna aka yi kitson a gabana, idona ya saba har ya daina ganinsa. Ashe duk hulunan nan a kan tozon gashi suke ta lilo, ko ɗaya ba ta taɓa kan ba.

Dariya ta kama ni, sai kuma ta ɗauke, don na gane abin da zan gaya mata. Da ta idar da salla na kira ta ɗaki.

"Ke, zo ki ji. Kanki lahiyarshi lau, kitson ga ne. In an tsehe shi an yi maki na kwance, hula za ta zamna. Amma baffanki jibi zai zo, biki kau sai gata. Ba a iya jira a gama biki."

Ta gane nan take. Za ta shiga cikin 'yan'uwanta ranar biki kowa da shuku, ita kaɗai da kitson zuwa makaranta. Yarinyar da ko ba komai ɓuya take yi, ga shi za a yi ta tambayarta. Na ce mata ba dole, kuma har zuciyata ba dolen nake nufi ba. Ta ɗaga hannu ta shafa tozon a hankali. Sannan ta miƙe ta buɗe kwabar madubi, ta ɗauko kibiyar tsifa, ta zauna a gabana ta ba ni baya.

"Mama, ki hwara ta baya, gaban da zahi."

Ina tsifa hawaye na zubo mini, na gode Allah da ta ba ni baya.

Mai kitso kuwa da ta gan mu da sassafe da kai a tsefe, sai da ta saki salati. Ta ce ita tunda take ba a taɓa tsefe mata shuku kwana biyu da yi ba, in bai yi mana ba ne mu faɗa mata a fuska. Na yi mata bayani, ta ce wai yanzu saboda kwano? Ta wanke ni tas, ina ba ta haƙuri. Amma da hannunta ya shiga gashin sai aikin ya ja ta. Ta yi ƙanana, kwance luf, duk ta mai da su baya, ta sauke jelar can ƙasan ƙeya yadda na roƙa, don abin murɗawar ya samu wurin kamawa. Tana yi tana mita har ta gama.

Daga nan kasuwa muka wuce. Alhajin ya karɓi babbar, ya sake ɗauko ta yaran nan da ta ƙi shiga jiya. Ta sauka sumul har kusa da gira. Ya murɗa na ƙeyar, ya daidaita igiyoyin suka zagaye kunnuwa, ya ɗaure haɓa. Ya ja baya yana kallon ikon Allah.

"Hajiya, mi kuka yi ma kan?"

Na ce addu'a muka yi masa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ƙanin maigidan ya iso, har da igiyar da zai ɗaure keken a bayan mota. Aka gaisa, aka ci abinci. Da suka wanke hannu na turo yarinyar tsakar gida da hular a kanta, bisa ƙaramin hijabinta.

Maigidan ya taso. Ya tura hular ta gaba, ba ta motsa ba. Ya tura gefe, kan gaba ɗaya ya bi hannunsa. Ya kama da hannu biyu ya girgiza har na ce a ransa so yake ta zame. Ya zura yatsa ƙarƙashin igiyar haɓa, ya ce ta wangale baki, ya ce ta dubi sama, ta dubi ƙasa. Ya kwance igiyar ya ce ta sunkuya kamar mai ruku'u, hular ta tsaya daram. Ya cire ta ya auna a tafin hannu, ya leƙa cikinta yana neman tsaga. Ya mayar mata, ya nemi tabon ɗinkin da ido bai gan shi ba. Sai a lokacin ya lura da jelar kitson da ta leƙo.

"Ina shukun bikin?"

"Na tsehe, Baba."

Mutumin nan na san shi, bai iya janye magana ba, amma kuma bai taɓa saɓa alkawari ba. Ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin, ya miƙa mata ita da kanta, ya juya wajen ƙaninsa ya ce ya yi haƙuri, a gaida mutan gida. Na shige madafa na rufe ƙofa na taka rawa ni kaɗai tsakanin tukwane. Daɗin da na ji ranar ko a bikin ban ji irinsa ba.

A wajen bikin an tambaye ta, kamar yadda na zata. Ina jin ta daga inda nake zaune tana gaya wa 'yan'uwanta dalili da murya a sake, har tana kwatanta musu da hannu.

Ranar Litinin da safe ta fito da keken, ta ɗaure hularta, ta ce mun tafi. Uban ya ce ta dakata, bari ya bi ta a baya da mashin ya ga yadda za ta tsallaka titi. Ya koma zaure yana kiciniyar juyo da mashin, ya buga bai tashi ba, ya sake bugawa. Kafin ya fito da shi ƙofar gida ta kai ƙarshen layi, ta miƙa hannu ta nuna inda za ta bi, ta sha kwana. Ya tsaya da mashin yana ruri a ƙarƙashinsa, yana kallon layin da babu kowa.

"Ta tahi," ya ce.

"Ta tahi, Malam. Kashe mashin ɗin ka shigo, kokonka na hucewa."