Dabinon da jini ya tona

Shekarun baya na taɓa zama likita na ɗan lokaci, kuma gara in faɗa tun yanzu, ni ne sakaran labarin.

Zazzaɓi mai zafi ya kwantar da wana a Tajaye, fitsari ya ɗauke, ƙafafu sunka kumbura. A Ƙonni anka ce ƙoda ce, sai Yamai, inda ke da injin wankin jini. Da yake ni kaɗai na taka lakwal, makarantar boko, a gidanmu, aji uku cur, anka ce in raka shi da matarsa in yi musu tafinta.

Can, kafin su ɗora shi bisa inji, sukan ɗebi jininsa su auna. Lokotoro, wato likitan, ya ce mini da Faransanci, a jini yake ganin inda jiki ya dosa tun mai jikin bai ji komai ba. Ya hana gishiri da kanwa da toka da dabino. Na gyaɗa kai kamar ma'aikacin ofis. Amma abu guda na riƙe: ya ce jinin wana ya yi ƙasa.

To, a garinmu ko rago ya rame mun san abin yi. Na shiga kasuwa na samo dabino da wake dafaffe da ruwan toka, ina shigo da su cikin babbar riga in matarsa ta tafi salla.

"Ci, Yaya. Wannan lokotoro bai san jikin manomi ba."

Shi ko ya gaji da abinci lami, har da lasar yatsa.

Ranar awo lokotoro ya zo fuska ba walwala. Ya ce wani gishiri, potasiyom, ya taru a jinin, ƙoda ba ta fitar da shi, in ya ƙaru zuciya za ta tsaya ba sallama. "Me yake ci a ɓoye?" Ku lura, ni ne tafinta. Da bakina na maida tambayar Hausa. Matar wana hannu kawai ta sa a aljihuna ta fito da ƙwallayen dabino.

Nan take anka kai shi inji. Ban taɓa addu'a irin ta ranar ba.

Allah ya yi da sauran kwana. Ƙodar ta farfaɗo sannu a hankali, munka komo gida, ya ci gaba da noman hatsinsa har furfura. Tun daga nan ko ɗigon jini anka ɗiba mini, tsaye nake karɓar sakamako, don na san ba ya rufa wa kowa asiri.

Bara, wurin wani suna, na ɗan yi alfahari cewa ni na yi jinyar wana a Yamai. Ashe matarsa na bayan zana tana ji.

"Ƙwarai ka yi, ɗan lakwal," in ji ta. "Inji na wankewa da safe, kai kana ɓatawa da marece."