Ɗan Farin Batulu Mai Dubulan

Duk Ƙofar Doka an san Batulu da dubulan da cincin, an kuma san ta da baki. Amma tun da ta haifi ɗan farinta Nasrullahi, sunansa bai taɓa hawa harshenta ba. "Yaron nan" take cewa. Haka ta ga uwarta ta yi, kuma ba ta ga dalilin da za a ce ita ce ta fara zubar da kunya a gidansu ba.

Yaron nan kuwa ya yi karatu har Turai. Can yake aiki a kan taurarin ɗan'adam masu yawo ƙasa-ƙasa, inda 'yar iskar da ta rage a sama take jan su har su faɗo. Injin da suke ƙerawa zuƙar wannan iskar yake yi, ya fesa ta baya da ƙarfin lantarki, tauraron ya ci gaba da tafiya ba mai. Batulu ta haddace bayanin tsaf daga bakin autarta Fiddausi, tana maimaita shi ita kaɗai a gaban kasko.

Ranar da aka ba shi lambar yabo, wata 'yar jaridar rediyo ta yi sallama, ta miƙo mata abin ɗaukar magana a gaban matan unguwa.

"Hajiya, me za ki ce game da ɗanki?"

Batulu ta ja mayafi. "Ni ina ruwana da shi? Ku tambayi gwaggonsa."

Mata suka yi dariya, don sun gane. Rediyo kuwa ta sa maganar yadda take, har ta kai kunnen Nasrullahi cikin abokan aikinsa. Ya kira Fiddausi ya ce ba komai, sai dai da suka nemi ya fassara musu abin da mahaifiyarsa ta ce, rasa bakin magana ya yi.

Kunyar da ta kama Batulu a ranar da Fiddausi ta faɗa mata ba irin wadda ta gada ba ce. Wannan ciwo gare ta. Ko wuta ba ta hura ba.

Da safe ta sa Fiddausi ta kai ta gidan rediyon. 'Yar jaridar ta ce shiri ya riga ya wuce, amma ta kunna na'ura. Batulu ta zayyana bayanin injin kakaf, ba gargada.

"Wa ya yi wannan aikin, Hajiya?"

Ta buɗe baki, sunan ya ƙi fita. Ta daɗe tana murza gefen zaninta.

"Ni na haife shi," in ji ta. "Ku sa wannan a rediyo, ya ji."