Kiɗan Rok a Saman Benen Abu Hilal

A unguwar Jofa ta birnin Amman, in Abu Hilal ya ce maka ana ruwa, sai ka leƙa waje ka tabbatar. Ba a taɓa kama shi da wata babbar ƙarya ba, ka sani. Laifinsa ɗaya ne: mai tashin tattabaru ne, kuma tun kakanni aka yanke cewa ba a karɓar shaidar mai tashin tattabaru. Mutumin da kullum da la'asar yana saman bene yana jan tsuntsayen maƙwabta zuwa akurkinsa, washegari ya rantse bai gan su ba, wa zai saurare shi?

Sunansa na yanka Nayif. Abu Hilal laƙabi ne, wato baban Hilal, amma babu wani Hilal a duniya, sunan mahaifinsa ne aka ajiye wa ɗan da bai zo ba. Sau ɗaya ya je neman aure. Uban yarinyar ya tarbe su da gahawa, ya hango gashin tsuntsu maƙale a kafaɗar kwat ɗin manemin, ya ce za su yi shawara. Har yau suna shawara. Shekara ashirin da takwas ya yi yana tuƙa farar tasi ta haɗaka, hawa da sauka a tudu ɗaya, har gwiwa ta ce ita kam ta gaji. Yanzu yana ɗakin sama na gidan ƙanwarsa Sumayya, shi da tattabaru tamanin da ɗaya. A da tamanin da biyu ne.

Na tamanin da biyun shi ne Basha, ja mai farar wutsiya, wanda Abu Hilal ya rena da bakinsa tun uwarsa ta mutu ta bar shi, ya ɗaura masa shuɗin dutsen ado a ƙafar hagu. Wata goma sha ɗaya da suka wuce garken Abu Hilal ya cakuɗa da na wani Zuhdi mai walda a sararin sama, da suka rabu aka sauka babu Basha. To, tsakanin masu tattabaru abu biyu ne, ko yaƙi ko sulhu. In yaƙi ne, wanda ya faɗo rufinka naka ne. In sulhu ne, dole ka mayar. Shi da Zuhdi sulhu suka ƙulla a gaban jama'a, amma Zuhdi ya dafa ƙirji ya ce ko gashin Basha bai gani ba.

Tun daga nan babu wanda Abu Hilal bai gaya wa ba, har mai kawo tukunyar gas: Zuhdi ya ɗaure fikafikan Basha da zare, ya kulle shi a duhu. Akwai dai wani ja mai farar wutsiya da ke tashi cikin garken Zuhdi, amma Abu Hilal ya ce wannan wani ne daban, Basha ba zai wuce ta kan gidansu bai sauka ba. 'Yan gidan gahawa kuwa sai su yi dariya, su ce maƙaryaci ya kai ƙarar maƙaryaci. Abin yana ci masa rai ƙwarai, don wannan karon gaskiya yake da ita.

Ana cikin haka Tala, 'yar Sumayya, ta hauro benen da tarin takardu da wani saurayi mai gashi har kafaɗa. A jami'a take, tana karatun aikin jarida da fim, kuma malamarsu ta ce kowane rukuni ya shirya bidiyon waƙa.

"Kawu, wannan Yazan ne, mai ganguna. Kiɗan rok suke yi shi da abokansa. Muna son mu ɗauka a nan, lokacin da amshi ya tashi tattabarunka su tashi gaba ɗaya."

Abu Hilal ya dubi Yazan sama da ƙasa. "Wannan 'yar wa ce?"

"Namiji ne, Kawu!"

"To Allah ya shirya. Kiɗan me kika ce?"

Yazan ya kunna masa a waya. Waƙa ce a kan wani saurayi da ya gaji da hawan matakalar Amman, amma kai ka ce tukwane ne suka zubo daga kanta. Tattabaru uku suka bar ƙwansu.

"Ku sauka," in ji Abu Hilal. "Ku sauka tun ina ganinku da mutunci."

Har sun juya, Tala ta ɗaga kamarar da aka ara musu daga jami'a don ta ɗauki gari ko sau ɗaya. Ta murɗa dogon gilashin, sai ga tsallaken kwari ya matso har ana karanta rubutun jikin tankin ruwa. Abu Hilal, da ke leƙe ta kafaɗarta, ya ƙara matso da fuska. Tankin Zuhdi ne.

"Ke, wannan abin har can yake gani?"

"Har ƙuda, Kawu."

"Kuma abin da ya gani, ana iya nuna shi a talabijin irin na gidan gahawa?"

"Sosai ma."

"Ku zauna," in ji shi. "Haba, daga wasa sai fushi? Bari in ɗora shayi."

Daga ranar Abu Hilal ya zama uban tafiya. Tala ta baje takardunta a kan buhun dawa, kowace da akwatuna shida, kowane akwati da zanen abin da kamara za ta ɗauka. Ta tsara mawaƙan su tsaya rana na faɗuwa a bayansu. Abu Hilal ya ce sam, kamara gabas za ta kalla. Ta ce to, in gabas ne, da hantsi za a yi. Ya ce hasken hantsi na 'yan koyo ne, sai biyar saura kwata daidai, wato lokacin da Zuhdi yake rufe shago ya hau bene, amma wannan bai faɗa ba. Ya sa aka matsar da mai jita gefe don kansa yana tare tanki. Ya karɓi fensir ya ƙara akwati na bakwai da hannunsa: ƙofar wani akurki daga nesa, a buɗe.

"Wannan kuma me yake nufi, Kawu?"

"Kurkuku," in ji Abu Hilal, yana kallon sama. "Rai a ɗaure."

Yazan ya kama kai. "Tala, wallahi kawunki ɗan fim ne! Baba, a ina ka yi karatu?"

"A bayan sitiyari, ɗana. Gangar nan taka, iya ƙararta ke nan? Ka zo da babbar."

Lissafinsa mai sauƙi ne. In ganga ta tashi garkensa ya watsu a firgice, Zuhdi ba zai iya haƙuri ba, zai wangale akurki ya saki nasa ko ya samu rabo. Ƙofa na buɗewa, kamara za ta ga wanda aka bari a ciki a ɗaure.

Abu ɗaya ne ya kusa karya masa zuciya. Tala ta miƙo wata takarda ta ce malamarsu ba ta karɓar aiki sai mai wuri ya sa hannu cewa ya yarda.

"Sa hannuna? Ta san sana'ata kuwa?"

"Kawu, sa hannu kawai take so."

Ya goge hannunsa a wando har sau biyu, ya rubuta cikakken sunansa da na uba da na kaka, a hankali kamar mai zanen hula.

Ranar Alhamis aka yi gwaji. Sai da suka hau matakala ɗari da sittin da ganguna a ka, mai jita yana cewa yanzu ya fahimci waƙarsu. Sumayya ta kwashe shanyarta tana Allah ya isa. Biyar saura kwata Yazan ya maka wa babbar ganga sanda. Tabɗi! Tattabaru tamanin da ɗaya suka tashi kamar an yaye bargo, maƙwabta suka fito tagogi, wata tsohuwa ta jefo takalmi. Abu Hilal yana fito da baki, yana kaɗa gorarsa mai tsumma ta kiran tattabaru, yana ihu, "Akwati na bakwai, Tala! Na bakwai!" Can tsallake kuwa Zuhdi ya fito a guje da singileti, ya wangale ƙofa.

Da aka lafa, Abu Hilal ya ja Tala bayan tanki, suka sunkuya a kan ɗan allon kamarar. Ga ƙofar. Ga tsuntsayen Zuhdi suna fita. Ga ja mai farar wutsiya ya fito cikinsu, Tala ta tsayar da hoton ta matso da shi: shuɗin dutse a ƙafar hagu.

"Shi ne! Wallahi shi ne! Na kama ɓarawo!"

"Amma Kawu, ai ba a ɗaure yake ba."

Ta saki hoton ya ci gaba. Basha ya tashi da fikafikansa lafiya lau, ya fita daga allon. Can an jima ya dawo shi kaɗai, tun kafin Zuhdi ya kira, ya shige akurki da ƙafarsa. A ciki wata baƙar tattabara ta matsa masa, ya sunkuya yana ɗura wa 'yan shila biyu masu rawayan gashi abinci a baki, daidai yadda aka yi masa.

Abu Hilal ya ƙura wa allon ido. Ashe wata goma sha ɗaya Basha yana wucewa ta kansa kullum, yana ganin gorar, yana jin fiton, yana komawa can. Zuhdi ya yi ƙarya, wannan tabbas. Amma in aka nuna hoton a gidan gahawa, kowa zai ga ba zare, ba kulle. Ya kawar da kai daga allon.

"Goge wannan wurin, 'yar nan."

"Kawu, shaidarka ce fa! Tun yaushe kake nema?"

"Na ce ki goge."

Da yamma ya sauka gidan gahawa, inda aka riga aka juyo da kujeru wajen talabijin, don tun Litinin ya cika baki cewa zai kawo shaida. Zuhdi yana kusurwa, shayinsa ya huce bai sha ba.

"Ina shaidar, Abu Hilal?"

"Kamarar yara ce, ba ta ga komai ba," in ji shi.

Aka kwashe da dariya, har da masu buga tebur. Ya tsaya ya shanye, sannan ya juya wajen Zuhdi ya ce a gaban kowa, daga yau sulhu ya ƙare, yaƙi ne.

Da ya koma ya tarar da Tala a matakala tana gyara takardu.

"Yaushe za ku yi ɗaukar gaske?"

"Mako mai zuwa, Kawu."

"A'a, sai bayan wata guda. Lokacin 'yan shilan nan za su fara tashi, ba su gama sanin rufinsu ba." Ya share ido da bayan hannu. "Uban ya zaɓi inda ya zaɓa. Amma 'ya'yan jikokina ne, tunda yaƙi ne a gidana za su kwana. Ki ce wa mai gashin nan ya zo da ganga biyu."