Ranar da na ɗiga gam a idon da ya rage mini

Assalamu alaikum. Wata bakwai ban ce uffan ba a nan. Masu tambayar ko na mutu, ban mutu ba tukuna. Rabi matata ce riƙe da waya tana rubutawa, ni ina faɗa.

Mutanen unguwar Zariya a Maraɗi sun san ni da gyaran kuran, wato lantarki, da famfo. Shekara uku ke nan da na fara ganin wani zobe mai launi kewaye da ƙwan fitila. Na ce gajiya ce. Sai na fara karo da ƙyauren ɗaki ta ɓangaren dama. Taurin kaina bai bar ni na je gidan likita ba sai da idon dama ya tafi.

Likita ya auna, ya haska. Sannan ya ce, "Malam Sani, tansiyon ido ne, wato hawan jinin ido. Na dama ba ya dawowa. Na hagu saura ɗan haske. Maganin ɗigo safe da la'asar, har ƙarshen rayuwa. In ka yi wasa, shi ma ya rufe."



Na bar aikin waje, amma na gida na ƙi bari. Na koyi gani da yatsu. Ƙusa a gwangwanin tumatir, sukuru a na madara. Kwalbar maganina ma da hannu na san ta: faffaɗa ce, murfinta gajere.

Sai aka rufe iyakar ƙasa. Kuran ya koma sai an ga dama, magani ya yi wuya. Rabi ta zagaya farmasi huɗu a kan kabu-kabu, babu irin nawa. A ƙarshe ƙanena na Jiratawa ya samo wani iri, likita ya ce daidai ne. Kuɗinsa ya kusa ninka na da. Kwalbarsa siririya, murfinta dogo mai tsini.

Ban kawo komai a raina ba.

Wata Laraba murfin soket ɗin ɗakinmu ya tsage. Na kashe kuran, na liƙe shi da gam ɗin nan mai kamawa nan take, na ajiye kwalbar a bakin taga. Nan ne kuma wurin maganina.

Aka kira la'asar. Na laluba, na ji murfi dogo mai tsini, na ɗaga kai, na buɗe ido da yatsa, na matsa.

Wuta.

Ban taɓa jin zafi irin wannan ba. Na ƙifta sau ɗaya, ido ya ƙi buɗewa. Warin ne ya gaya mini abin da na yi. Na kurma ihu, "Rabi! Na kashe idona! Na kashe shi da hannuna!"

Maƙwabta suka cika gida. Alhaji Ɗanjuma mai sayar da fetur a kwalba ya ce, "A kawo esansi, shi ka narka gam!" Ni ma don firgici na ce a kawo, ina ƙoƙarin ɓare fatar idon da farce.

Rabi ta doke hannuna. Shekara ashirin da aurenmu ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, ba mai sa mashi komi sai ruwa." Ta jiƙa tsumma da ruwan ɗumi ta ɗora mini, ta tare kabu-kabu.

Duk hanya ina riƙe da ƙugun mai babur. Abu ɗaya ke yawo a kaina: ashe wannan tagar ce abu na ƙarshe da zan gani a duniya.

A gidan likita suka yi ta wanke idon, suka aske gashinsa da almakashi, suka ciro busasshen gam da ɗan hantsaki. Likita ya ce, "Da an sa esansin nan, da ba mu da sauran magana. Ƙwayar ta kurje. Za mu rufe kwana uku mu gani."

Na ce, "Zan gani?"

Ya ce, "Ba zan yi maka alkawari ba."

Kwana ukun nan na san duhu na gaske. Ko buta sai an miƙo mini. Kowa ya yi sallama sai gabana ya faɗi, ban san dalili ba. Ina ji Rabi ta sa wa akwatin kayan aikina kwaɗo.

Ranar da aka cire bandeji na ƙi buɗe ido. Tsoro. Sai da likita ya ce, "Haba Malam, akwai mutane a layi."

Na buɗe. Hazo, hawaye, sannan wani abu shuɗi. Mayafin Rabi ne. Ɗan hasken nan nawa yana nan yadda yake. Na fashe da kuka a gaban jama'a, ko kunya ban ji ba.

Alhamdu lillahi. Na gode wa likitoci, da ƴan uwana na garin Tsibiri da suka yi ta zarya, har da Alhaji Ɗanjuma, na san so ne ya sa shi.

Ƴan uwana marasa gani masu taɓa gyara a gida, ku ji ni. Gam da magani kada su haɗa ɗaki. In an canza muku kwalba, ku sa mata alamar da yatsa zai ji tun ranar. Ku sansana kafin ku ɗiga. In tsautsayi ya faru, ruwa kawai, kada a ɓare, a ruga likita. Masu ganin zobe a jikin fitila kuma, ku je a auna ku gobe.

Wata guda akwatina na kulle, ni kuwa ban roƙa ba. Ran nan Rabi ta kama hannuna ta sa mini abu biyu. Ɗaya kwalbar maganina ce, ta naɗe ta da zaren saƙa tun daga ƙasa har wuya. Ɗayan makulli.

Ta ce, "Famfo na zuba, Malam. Amma gam yana wurina."

Har yau yana wurinta.