Rufin Kwanon Inna

Har gobe idan na ji kwano yana ƙas-ƙas da hantsi, rana ta fara dukansa, sai gabana ya faɗi. Ɗakin Inna nake tunawa.

Ni malamar makaranta ce a Gusau, labarin ƙasa nake koyarwa. A wata bita aka saka mana wata 'yar manhaja a kwamfuta, ba ta da wuya ko kaɗan. Ta san zafin da rana ke sauke wa duniya, ta san wanda duniya ke mayarwa sama, ta kuma san hayaƙin fetur da na masana'antu yana taruwa a sama ya tare wani sashe, kamar an kifa wa tukunya faifai. Ke dai ki ja wani ɗan maɓalli ki faɗa mata yawan hayaƙin da mutane za su riƙa saki, sai ta zana jan layi, shekara bi shekara. In kin ƙara, layin ya miƙe sama. In kin rage, ya rusuna. In kin mayar da hayaƙin babu, ya kwanta, amma ba ya komawa inda ya taso. Na yi ta wasa da ita har ta daina ba ni sha'awa, ta koma ba ni tsoro.

A shekarar ne yayana, direba a hanyar Gusau zuwa Tsafe, ya tashi yi wa Inna rufin kwano. A ƙauyenmu can wajen Bungudu, in ɗa ya samu, abin da ake fara dubawa ke nan: ya sauke wa uwarsa rufin ƙasa ko bai sauke ba? Ɗakin Inna na azara ne da laka mai kauri, tun na marigayi Baba. Yana yoyo da damina, ban musa ba, kuma kowace shekara sai an hau an yi yaɓe. Amma da bazara in ka shiga, sai ka ce randa ka leƙa. Ga Inna da hawan jini, likita ya ce ta guji zafi.

Na ɗauki kwamfutata na hau mota na je. A gindin darbejiyar tsakar gida na buɗe wa Yaya da Inna ita, na ja maɓallin ƙasa, layin ya kwanta, na ja shi sama, layin ya hau.

"Yaya, dubi nan. Zafin da muke kuka da shi yanzu somin taɓi ne. Ka bar mata rufinta, a gyara shi kawai."

Ya yi dariya har da buga cinya. "Wato hayaƙin motata ne zai dahwa duniya?"

"Motarka guda nawa take? Yawancinsa daga manyan ƙasashe yake, mu dai shan zafin ne namu."

"To ita abar taki ta san ɗakin Inna na zuba? Ta san da kwanoni take kwana tana tarar ruwa?"

Ba ta sani ba, wallahi. Zafin duniya gaba ɗaya take lissafawa, ba ta san akwai wani gari Bungudu ba, balle ɗakin Inna. Haushi ya kama ni, na ce masa don a yabe shi a tasha yake yi. Ya ce ni kuma boko ya sa ina son uwata ta mutu a ɗakin laka. Sai Inna ta taso. Ta matso ta ƙura wa layin ido.

"Ɗiyata, sake kwantar da shi in gani."

Na ja maɓallin ƙasa, layin ya kwanta. Ta ce, "Ikon Allah." Sannan ta ce ita kwanon take so. Shi ke nan, magana ta ƙare. Yaya ya ce silin da zai tare zafin kwanon sai baɗi.

Daminar farko Inna ta yi murna, ba zan ɓoye ba. Ruwa na dukan kwano, ita tana kiran maƙwabta su zo su ji. Sai bazara ta shigo. Ɗakin ya koma tanda, ko gadon ƙarfenta ba ya taɓuwa da rana. Na ce a shimfiɗa zana a kan rufin, ta ce a'a, sai mutane su ce aikin ɗanta ya ɓaci. Na ce ta riƙa wuni gindin darbejiya, ta ce baƙi a ɗaki ake tarbarsu. Haka za ta zauna, zufa na bin wuyanta, mafici a hannu, in Yaya ya tambaya ta ce, "Lahiya lau, ɗakina ba ya da zahi." Ni kuwa in koma gefe ina cizon yatsa. Baɗi ta zo, mota ta yi ta ba shi wahala, ba a sa silin ba.

A bazara ta biyu, cikin azumi, aka kira ni ina aji aka ce Inna ta faɗi. Daga makaranta na wuce, da jakar kwamfutar a kafaɗata. Na tarar da ita kwance bayan azahar, gefe guda ya saki, bakinta ya ɗan karkace. An tafi neman mota. Na jiƙa zane ina goga mata, ina yi mata fifita, kwanon yana ta ƙara a kanmu.

Ta dubi jakar. Da ƙyar maganar ta fito.

"Kin zo da ita?"

"Na zo da ita, Inna."

"Kwantar muna da shi kaɗan. Akwai zahi." Ta numfasa. "Kada ki hwaɗa ma yayanki."

Inna ba ta ruɗe ba, ta san kwamfuta ba ta sauke rana. Tun da aka yi rufin nan ba ta taɓa cewa akwai zafi ba sai ranar, kuma ni kaɗai ta iya faɗa wa. Ban ce rufi ne ya kashe ta ba, ajali ne, a asibitin Gusau ta cika kafin Sallah. Yaya har yau bai san ta faɗi haka ba, ba kuma zai ji a bakina ba.

Na buɗe kwamfutar a kan gadon, na ja maɓallin har ƙasa. Layin ya kwanta. Ta dube shi, ta ce, "Madalla," ta lumshe ido, ni kuma na ci gaba da yi mata fifita ina kuka.